Yadda za ki gano awon rigar maman da ta dace da jikinki

Ki tsaya gaban mai sayar da rigunan mama a kasuwar Kejetia ko Adum da ke Kumasi, ki saurari yadda ciniki yake tafiya. "Hajiya, lamba nawa kike sawa?" "36." Shi ke nan, sai a shiga zaɓen launi da leshi. Ba wanda ya tambayi harafi, ba wanda ya ɗauko tef. Sau da yawa ma tun tana budurwa take faɗin wannan 36 ɗin, ga shi yanzu ta yaye yara uku. Daga baya sai igiya ta riƙa cin kafaɗa, bayan rigar ya haura har kusa da wuya, ƙarfe yana sukar haƙarƙari, mace ta ƙagu ta koma gida ta cire ta huta. Da yawa sun ɗauka haka rigar mama take, haƙuri kawai ake yi da ita. Ba haka ba ne, awon ne bai yi daidai ba.

Kafin ki ɗauki tef, ki san cewa abu biyu ake aunawa. Lambar da ke jikin rigar, 32 ko 36 ko 40, tana nufin ɗamara, wato ɓangaren da ya zagaye ƙirji ya haɗe a baya da ƙugiya. Harafin da ke gefenta, B ko D ko F, shi ne zurfin ƙoƙon da mama ke zama a ciki. Ɗamarar nan ce ke ɗaukar mafi yawan nauyi, igiyoyin kafaɗa taimako kawai suke yi. Duk wadda ta taɓa goyo ta san wannan: zanen da aka ɗaure tam a ƙirji shi ke riƙe yaro, in ya yi sako-sako kuwa sai dai ki yi ta gyara.

Mataki na ɗaya: awon ƙasan mama

Ki ari tef ɗin tela, irin mai inci a gefe ɗaya, santimita a ɗaya gefen. Za ki iya yi ke kaɗai gaban madubi, amma in da 'yar'uwa ko telarki mace ya fi, don ita za ta ga in tef ya karkace ta baya. Ki cire rigar mama, ki zagaya tef ɗin daidai inda mama ya ƙare, a kan haƙarƙari. Ki sauke numfashi, ki ja tef ya kama jiki sosai ba tare da ya nutse cikin nama ba. Ki rubuta abin da kika samu da inci. Lambobin ɗamara bibbiyu suke tafiya, 30, 32, 34, 36, haka har sama. In kin samu 34, ɗamararki 34 ce. In 33 ce, ki riƙe 34 a rai, ki kuma gwada 32 in kin samu dama.

Akwai tsohon lissafin da ke cewa a ƙara inci 4 ko 5 a kan wannan awon, har yanzu ma ana ganinsa a wasu shafukan intanet. Rigunan yanzu roba ce a jikinsu, suna miƙewa da kansu, saboda haka ƙarin nan ba abin da yake jawowa sai ɗamara mai lilo. Ki bar shi.

Mataki na biyu: awon kan mama

Yanzu ki zagaya tef a inda mama ya fi cika, yawanci daidai kan nono. A nan ba a ja, ɗorawa kawai ake yi, tef ya kwanta ba tare da ya danna ba. In kin shayar, ko mamanki mai nauyi ne ya kwanta, awon tsaye kaɗai zai yaudare ki. Ki sunkuya kamar mai ruku'u ki sake aunawa, sannan ki ɗauki tsakiyar awon biyu. Kada ki auna a kan riga mai soso, kuma ki guji kwanakin da al'ada ta kusa, don a lokacin mama kan kumbura.

Mataki na uku: lissafi

Ki cire lambar ɗamara daga awon kan mama. Kowane inci ɗaya na bambanci harafi ɗaya ne. A tsarin Ingila, inci 1 A ne, 2 B, 3 C, 4 D, 5 DD, 6 E, 7 F, 8 FF, 9 G. Misali, ƙasan mamanki 34, kan mama 39, bambanci inci 5 ke nan, awonki 34DD. Da wannan matar ta bi tsohon lissafin ƙarin 4, da 38A za ta saya: ɗamara ta yi mata yawa, ƙoƙo ya yi mata kaɗan, sai ta ƙare da ɗaure igiyar kafaɗa har ta bar mata shaida.

Kada harafin ya tsorata ki. Mata da yawa da sun ji DD sai su ce "kai, ni ban kai nan ba", alhali harafi shi kaɗai ba ya faɗin girma. D a kan ɗamara 30 ƙaramin ƙoƙo ne in aka ajiye shi kusa da D na ɗamara 40. Dalili kuwa, ƙoƙo yana girma tare da ɗamara. Shi ya sa 32D da 34C da 36B duk cikin ƙoƙonsu kusan ɗaya ne, ɗamarar ce ta bambanta. Ki riƙe wannan da kyau, zai yi miki amfani a kasuwa: in ƙoƙo ya yi daidai amma ɗamara ta yi yawa, ki sauko lamba ɗaya ki hau harafi ɗaya. In ɗamara ta matse, ki hau lamba ki sauko harafi.

Mataki na huɗu: karanta takardar jikin riga

Kayan kasuwar Kumasi daga ko'ina suke zuwa, kuma kowace ƙasa da nata rubutun. Ingila da Amurka da inci suke rubuta ɗamara. Yawancin Turai da Turkiyya da santimita: 70 ita ce 32, 75 ita ce 34, 80 ita ce 36, 85 ita ce 38, 90 ita ce 40. Faransa kuma tana ƙara 15 a kan na Turai, wato 90 ɗin Faransa 75 ce, daidai da 34. Nan ne ake yawan faɗawa rami, mace ta ga 90 ta ɗauka babba ce. Na ƙasar Sin sukan haɗa biyun, ki ga 36/80, kuma ƙoƙonsu yakan fi na Ingila ƙanƙanta ko da harafin ɗaya ne. Daga D zuwa sama ma haruffan ba sa tafiya tare: bayan DD Amurka kan rubuta DDD, Turai kuwa daga D sai E sai F kai tsaye. Ko a ƙasa ɗaya, ɗinkin wannan kamfani ba ya zama daidai da na wancan. Awon da kika yi a gida ya nuna miki inda za ki fara nema ne, gwaji shi ke yanke hukunci.

Mataki na biyar: a kasuwa

Matsalar ita ce yawancin rumfuna ba su da wurin gwaji, kuma ba kowace mace ce za ta iya gwada rigar mama a kan kaya gaban jama'a ba, balle in mai rumfar namiji ne. Ki tafi da tef ɗinki a jaka. Ki shimfiɗa rigar, ki ja ɗamarar daga ƙugiya zuwa ƙugiya ki auna. Ya kamata ta kai awon ƙasan mamanki in an ja ta, da ɗan saura. In ta kai awon naki tun ba a ja ta ba, ta yi miki yawa. In kina da tsohuwar riga wadda ƙoƙonta ya zauna miki da kyau, ki tafi da ita ki ɗora ƙarfenta a kan na sabuwar ki ga ko faɗinsu ɗaya. Mai hijabi tana da sauƙi a nan, tana iya zagaya ɗamarar ta ƙarƙashin hijabi ta ji kamunta ba wanda ya lura. Kafin ki biya kuma ki yi magana a fili: "Mma, in ban cire takarda ba, zan iya dawowa in canja?" Wadda ta yarda, ki riƙe ta ta zama mai rumfarki. Guda ɗaya za ki fara saya, sai ta zauna sannan ki koma ki ƙaro.

Maganar gwanjo kuwa, tun 1994 dokar Ghana ta hana shigo da kayan ciki da aka riga aka sa, a 2011 ma hukuma ta sake tayar da zancen, amma kowa ya san ba su ɓace daga kasuwa ba. Abin da ke kai mata can shi ne manyan haruffa irin F da G, waɗanda da wuya a same su cikin sababbi masu araha. Ban da batun tsafta, ki sani robar rigar da wata ta sa ta riga ta saki, 36 ɗin da ke rubuce ta yiwu ta koma 38.

Masu haɗa lefe, wannan naku ne. A Aboabo da Asawase da sauran zangonni an saba a kimanta amarya da ido a zuba rigunan mama rututu cikin akwati, rabinsu su ƙare a hannun ƙanne. Ku aika ƙawarta ta karɓo lamba da harafi a asirce. Uku da suka zauna sun fi dozin da ba za ta taɓa sawa ba.

Mataki na shida: gwaji a ɗaki

A nan ne aikin yake, kada ki yi sauri. Ki maƙala ƙugiya a layin farko, wanda ya fi sakewa. Sabuwar riga a nan ake fara ta, don in roba ta fara saki ki samu inda za ki matsa ciki. In sai a layin ƙarshe ta kama ki tun ranar farko, ta yi yawa. Ki ɗan sunkuya, ki sa hannu cikin ƙoƙon, ki tattaro naman da ke gefen hammata ki shigo da shi gaba. Mata da yawa ba sa yin wannan, kuma bayan an yi shi ne ake gane ƙoƙon da ake zaton ya isa ashe bai isa ba.

Ki juya ki dubi bayanki a madubi. Ɗamara ta tafi a miƙe, gaba da baya tsayi ɗaya. In ta haura sama, ta yi yawa. Yatsu biyu su shiga ƙarƙashinta, amma kada ki iya janyo ta nesa da jiki. In kina shakka ko ɗamara ce ta matse ko ƙoƙo ne ya yi kaɗan, ki juya rigar, ƙoƙon ya koma baya, ki maƙala ta gaba. In a haka kin ji daidai, laifin ƙoƙo ne.

Sai gaba. Ɗan tsakiyar da ya haɗa ƙoƙo biyu, a riga mai ƙarfe, ya kwanta a kan ƙashin ƙirji. In yana reto a iska, ƙoƙon ya yi kaɗan. Ƙarfen ya zagaye mama ta ƙasa ya ƙare a bayan namansa wajen hammata, kada ya hau kansa. In nama ya tudo ta sama har ana ganin tudu biyu ta cikin riga, ki ƙara harafi. In yadin ƙoƙon ya tattare ko ya bar fili, ki rage, ko ki canja fasali, don wani maman cikarsa a ƙasa take, ƙoƙo mai tauri da soso ba ya bin shi. Kusan kowace mace ɗaya ya ɗan fi ɗaya, babban ake yi wa awo, a ɗan rage igiyar ɗaya gefen. Igiyar kafaɗa ita ce ta ƙarshe: ki daidaita ta yadda ba ta zamewa, ba ta kuma nutsewa. Daga nan ki ɗaga hannu sama, ki zauna, ki sunkuya, ki yi sujada. In mama ya zamo ta ƙasa ko ƙarfe ya soke ki, ki mayar. Ki kuma sa rigar da kike yawan sawa a kai ki gani. Ranar da za ki kai ɗinkin biki, da rigar maman da za ki sa ran bikin za ki je wajen tela, in ba haka ba ɗinkin ƙirji ba zai zauna ba.

Awo ba ya dawwama. Ciki, shayarwa, ƙiba, rama, har azumi na iya sauya shi, saboda haka ki sake aunawa duk sanda kika ji an fara takura. Mai shayarwa ta nemi mai laushi wadda ba ta danna mama, don matsi na iya toshe hanyar nono ya kawo kumburi da zazzaɓi. Jita-jitar cewa rigar mama ko ƙarfenta na kawo sankarar mama kuwa ba ta da tushe. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2014 bai samu wata alaƙa ba. Amma in wajen awo kika ji wani ƙullutu, ko kan nono ya shige ciki, ko fata ta canja, wannan ba na canja riga ba ne, ki je asibiti a duba, ga asibitin Komfo Anokye nan cikin gari.

Zafin Kumasi da zufa su ma a sa su cikin lissafi. Mai yini a kasuwa ko gaban murhu ta nemi mai auduga ta ciki, ta bar mai soso mai kauri sai ranar fita, ta kuma tsane ƙasan mama sosai bayan wanka, don damshin wurin ke kawo ƙaiƙayi da ja. Waya da ƙullin sidi da ake cusawa a ƙoƙo suna buɗa shi, a nema musu jaka. Wanki da hannu, da ruwa mai sanyi, ba murɗawa, a shanya a inuwa. Da damina ba ta bushewa da wuri, shi ya sa ya kamata ki mallaki biyu ko uku kina juyawa, roba ma ta samu hutu. Ranar da kika kai layin ƙugiya na ƙarshe kuma bayan yana haurawa, ko ƙarfe ya huda yadi ya leƙo, ta gama aiki. Kafin ki sayi wata ki sake ɗauko tef.