Yadda Za Ka Fara Zayyana Don Hutar Da Zuciyarka

Da yawa daga cikinmu nan Katsina, da an ambaci zane sai tunaninmu ya tafi kan hoton mutum ko na doki. Wannan ya ce shi ba shi da baiwa, wancan ya ce malamai sun yi magana a kan zana abu mai rai. Abin da nake kiranka gare shi bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Zayyana nake nufi, irin wadda ake yi wa allon yaro ranar saukar Alƙur'ani, wadda magina ke ƙawata fuskar soro da ita, wadda ke jikin hula da wuyan babbar riga. Layuka ne da kusurwoyi da kewaye. Mutumin da ya wuni da hayaniyar kasuwa ko ta ofis, ko uwargidan da ba ta zauna ba tun safe, in suka samu abin da hannu zai yi a natse, tunani yakan lafa da kansa. Ga yadda za ka fara.

Da farko, tanadi kaya, amma kada ka kashe kuɗi. Fensir da bayan tsohuwar kalanda sun isa. In kuwa kana son ka ji daɗin abin tun daga tushe, haɗa tawadarka da hannunka kamar yadda almajirai ke yi. Ka daka gawayi ya yi laushi, ka tankaɗe shi da tsumma mai shara-shara. Ka jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi ya kwana, da safe ka tace, ka riƙa zuba garin gawayin kaɗan-kaɗan kana juyawa. Ƙaro shi ke riƙe baƙin a takarda: in ya yi kaɗan tawadar za ta goge da yatsa, in ya yi yawa ta yi danƙo ta ƙi sauka. Alƙalami kuma karan gamba ne, ka fiƙe shi da reza, ka ɗan tsaga bakin don ya sha tawada. Dakan nan da tacewar ma kansu hutu ne, kada ka yi su a gurguje.

Na biyu, ka ware lokaci ɗaya ka riƙe shi. Minti 20 bayan sallar Asuba, ko tsakanin La'asar da Magariba lokacin da yara suka tafi Islamiyya. Waya ta zauna a wani ɗaki.

Na uku, fita ka ba idonka abinci. Je Hasumiyar Gobarau, wadda tarihi ke dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ka tsaya ka ga yadda ginin ƙasar ke tsukewa hawa bayan hawa yayin da yake yin sama. Ka bi ta Ƙofar Soro. Ka shiga ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne, ka ɗaga kai ka dubi bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi, da jeren azara a rufin. In a Daura kake, fuskar fadar Sarki ta ishe ka kallo. Ba duka ginin za ka zana ba. Zaɓi abu guda, zanko ɗaya ko bakin ƙofa, ka kwafe shi sau uku. A karo na uku za ka ga abin da idonka ya tsallake a na farko.

Na huɗu shi ne zuciyar aikin, wato dagi. Kowa ya san dagin Arewa a ido, kaɗan ne suka taɓa zana shi. Fara da fensir. Zana doguwar zobe a tsaye, mai kama da ƙwayar dabino. Zana wata irinta a kwance, ta gitta ta farko a tsakiya. Kowace zobe ka yi mata layi biyu, ciki da waje, ta zama kamar igiya mai faɗi. Yanzu ka duba wuraren da suka haɗu, guda huɗu ne. Doka ɗaya ce tak: igiyar da ta hau kan 'yar uwarta a nan, to a mahaɗa ta gaba sai ta shige ƙarƙashi. Sama, ƙasa, sama, ƙasa. Goge layin da ya kamata ya ɓuya, sannan ka bi sauran da tawada. Idan hannunka ya saba da wannan, sai ka ƙara murabba'i mai tsaye a kan kusurwarsa, ka saƙa shi cikin zoben biyu da dokar nan dai.

A nan ne amfanin abin yake. Ba zai yiwu ka bi sama da ƙasan nan kana lissafin bashi ko kana maimaita maganar da aka gaya maka da rana ba. Da hankalinka ya tafi, igiyar za ta hau sau biyu a jere, kuma takardar za ta nuna maka. Sai ka dawo. Wannan dawowar, yau da gobe, ita ce take koya wa mutum riƙe hankalinsa da haƙuri da kuskurensa, har a wajen takarda.

Na biyar, kada ka yaga ko ɗaya, komai karkacewarsa. Rubuta kwanan wata a gefe ka adana. Kuma ina roƙonka, watan farko kada ka ɗora a Facebook ko WhatsApp. Da ka fara jiran yabon mutane, abin ya tashi daga hutu ya koma wata sabuwar damuwa. Bayan wata guda ka shimfiɗa su a tabarma, na farko kusa da na ƙarshe, ka ga tafiyar da hannunka ya yi.

Wani abu da ba zan ɓoye ba: in damuwa ta kai ga hana ka barci ko cin abinci na tsawon makonni, zayyana ba za ta maye gurbin likita ba. Ka je asibiti, ka ci gaba da zanenka tare da magani.

Daga nan sai launi. Ruwan zoɓo mai kauri yana ba da ja, ko da yake yana dusashewa, gangamau yana ba da ruwan ɗorawa, lalle da jar ƙasa suna ba da ruwan ƙasa, kowanne da ɗan ƙaro a ciki. In takarda ta gundure ka, koma kan ƙwarya ko ƙyallen hula. Akwai masu ɗinkin hula a zaurukan unguwanni, akwai alarammomi masu zayyanar allo a tsangayu. Ka je da sallama da ɗan goronka, ka ce, "Allah gafarta Malam, so nake in riƙa zama ina kallo." Ka tafi da takardunka, domin zai so ya ga inda hannunka ya kai kafin ya nuna maka na gaba.