Kurakuran da masu koyon zanen makokin Almasihu suka fi yi

Na gaji da ganin abu ɗaya a hannun matasan da ke kawo mini zanen gicciye: da an ce baƙin ciki, sai su matso baƙin fenti su lafta. Baƙi tsantsa kashe inuwa yake yi. Fuska ta koma kamar an goga mata gawayi, balle idan mutumin da ma baƙin fata ne. Wannan ya taɓa jawo mini asarar aikin wata majami'a, domin da aka rataye shi nesa da taga, ko idon Maryamu ba a gani.

Ku dubi zanen binne Almasihu da Caravaggio, mai zane ɗan Italiya, ya gama wajen 1604, wanda yake Batikan yanzu. Duhunsa yana da rai, saboda yakan fara shimfiɗa launin ƙasa mai duhu kafin ya ɗora komai. Haske kuma ta gefe ɗaya yake shigowa, ya sauka a kan gawar da hannunta da ya saki har ya taɓa dutse. Ni ruwan ƙasa nake haɗawa da shuɗi, baƙin kuwa ba na ko buɗe shi. Akwai malaman da ba su yarda da ni ba, amma haka nake koyarwa. Kuma don Allah ku tsayar da inda haskenku yake fitowa! Goshi ya haskaka ta hagu, kafaɗa ta dama, wannan sakaci ne kawai.

Sai hawaye. Kowa ya wage baki, hawaye ɓaro-ɓaro har haɓa, a ce wai makoki ke nan. Haba! Wanda ya taɓa zaman makoki ya san uwa ta fi nuna ciwonta a wuya da kafaɗu da hannuwa. A zanen sauke Almasihu daga gicciye na Rogier van der Weyden, mai zane ɗan yankin Beljiyam ta yau, na wajen 1435 da ke gidan tarihin Prado a Madrid, Maryamu ta suma, jikinta ya lanƙwashe daidai yadda gawar ɗanta ta lanƙwashe. Akwai hawaye, amma ƙanana ne, sai ka matso kusa. Ku fara zana jikin. Idan bai taɓa zuciya ba, fuska ba za ta ceci aikin ba.

Da'irar hasken kan tsarkaka, ku rage mata rawaya. Jini, kaɗan ya isa. Man ƙyalli kuma, wato wanda ake shafa wa zane bayan an gama shi, kada ku shafa wa fentin mai sai ya yi aƙalla wata shida yana bushewa.