Yadda Baƙo Zai Yi Wuni a Bikin Kaboyi na Kalgari

Duk wanda ya sauka a birnin Kalgari da ke lardin Albata na ƙasar Kanada a farkon watan Yuli, zai ga garin ya sauya kama, domin ma'aikatan banki da direbobin bas, har da likitoci, kowa yakan fito da malfa da wandon jins. Dalili shi ne bikin Stampede, wanda Guy Weadick ya fara shiryawa a shekarar 1912, kuma a yau ana yin kwana goma ana shagalinsa, inda mutane fiye da miliyan ɗaya ke halarta. Bai kamata sabon zuwa ya ƙaurace masa ba, amma yana da kyau ya tsara wuninsa tun daga gida.

Kada a tafi da mota, saboda wurin ajiye ta yana da tsada kuma da wuyar samu. Jirgin ƙasa na cikin gari yana tsayawa dab da filin. A kuma lura cewa kuɗin shiga fili daban yake da tikitin kallon gasar dabbobi, sai dai wanda ya sayi tikitin gasar ba ya sake biyan kuɗin ƙofa a wannan ranar.

Gasar dabbobi da ake yi bayan azahar ita ce zuciyar bikin. Wanda ya taɓa ganin mahauta suna hawan ƙaho a gida zai fahimci irin jarumtar da ake nunawa, amma a nan a gadon bayan bijimin ake zama, hannu ɗaya riƙe da igiya, ɗayan a sama, kuma dole mahayi ya kai daƙiƙa 8 bai faɗi ba kafin alƙalai su ba shi maki. Idan hannun da ke sama ya taɓa jikin dabbar, ya faɗi gasar ke nan. Da zarar ya diro ƙasa, wasu mutane sukan sha gaban bijimin su janye hankalinsa, kuma a ganina aikinsu ya fi na mahayin haɗari. Akwai kuma hawan ingarman da ba ya yarda a zauna masa, da kama maraƙi da igiya daga kan doki, da tseren mata mahaya suna kewaya ganguna uku. Galibin waɗannan wasanni sun samo asali ne daga aikin makiyayan yankin, shi ya sa jama'a ke ɗaukar su da muhimmanci. Da yamma ake tseren kekunan doki, wanda masu kare haƙƙin dabbobi suka daɗe suna suka saboda dawakan da suka mutu a cikinsa, don haka kada a yi mamaki idan wani abokin aiki ya ce shi ba ya zuwa.

Batun abinci yana buƙatar kula. Ana raba fanke kyauta da safe a unguwanni da dama, amma sau da yawa ana haɗa shi da naman alade, saboda haka a tambaya kafin a miƙa faranti, kuma ba wanda zai ji haushin tambayar.  Game da salla kuwa, rana ba ta faɗuwa a Yuli sai wajen ƙarfe goma saura na dare, don haka a duba lokuta tun da safe, a riƙe ƙaramar darduma a jaka.

A ɗauki gorar ruwa da hula da rigar ruwa, domin hadari yakan taso da la'asar ba zato, wani lokaci har da ƙanƙara. Kafin a gaji kuma, a kai yara rumfunan shanu da tumaki, sannan a leƙa sansanin da ke bakin kogin Elbow, inda ƙabilun asali biyar na yankin, ciki har da Siksika da Tsuut'ina, ke kafa tantunansu na gargajiya. Ana barin baƙi su shiga wasu daga cikin tantunan, amma a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum ko a taɓa kayan adonsa.