Yadda za ka haɗa fim irin na ƙaramin jari da salularka a Maradi

Duk wanda ya taɓa zama kan benci a gidan bidiyo nan Maradi ya san irin fim ɗin da nike nufi, wanda hoton bayan kaset ya fi fim ɗin kyau nesa ba kusa ba, akta shi kaɗai ya bugi mutum arba'in hularshi ba ta faɗi ba, bos ya mutu kuma can gaba ka ganshi ya tashi. Amurkawa na ce ma irinsu exploitation, wato mai fim ya dubi abin da ke motsa jinin jama'a, faɗa ne ko tsoro ko tseren mota, ya yi maza ya kafa rumfa kahin kasuwa ta watse. Da Bruce Lee ya rasu a 1973 sai ga Bruce Li, ga Bruce Le, ga Dragon Lee, kowa da askinshi da ihunshi, mu kuma muna yara muna ta rantsuwa wallahi shi ne. A shekarun 1970 tsofaffin gidajen sinima na titi na 42 a Niyok da irin wannan kaya suke ci, fim biyu a jere da tikiti guda. Yanzu manyan daraktoci na kashe miliyoyi don fim ɗinsu ya yi kama da waɗancan, alhali kai talaucin da suke saye da kuɗi kyauta ka same shi. To ga yadda za ka yi naka.

Ka fara da suna da hoton talla, labari ya biyo baya. Ba raha nike ba, haka kamfanin fim na American International Pictures ya riƙa yi a da, su fidda suna da fosta, in sun ga za ta sayu sannan a nemo mai rubutu. In ka faɗi sunan a fada ba wanda ya ɗago kai daga kofin shayi, canza shi. Suna ne da ya ɗauki alkawali mai nauyi, misali Ɗan Kabu-kabu Ya Dawo Daga Lahira ko Aljanar Tabkin Madarumfa.

Kuma kar ka ce awa biyu za ka yi. Yi tallar fim ta minti biyu ko uku, ta fim ɗin da babu shi. A 2007 Quentin Tarantino da Robert Rodriguez sun fidda Grindhouse, fim biyu a haɗe da tallace-tallacen ƙarya a ciki, bai ma yi kasuwa ba a Amurka amma ɗaya daga tallan, Machete, mutane suka so shi har ya zama fim na gaske a 2010. Talla ta fi sauƙi don wuraren daɗi kawai za ka ɗauka, ba ruwanka da yadda akta ya baro unguwar Zariya ya iso bakin gulbi.

Sai ka zauna ka rubuta abin da ke hannunka, ba abin da kake buri ba. Rodriguez ɗin nan da wajen dala 7,000 ta Amurka ya yi El Mariachi a 1992, ya duba abin da zai samu aro ya gina labari a kai, wurin da ake son kyamara ta tahi sumul sai ya hau keken guragu ana tura shi. Kai kana da baro, kana da amalanke, akwai babur ɗin ƙanenka, kangon gidan kawu da aka bari tun bara, akwai abokin nan mai ƙirar ɗan kokowa da ko bai yi magana ba yara na watsewa. Shi ne bos, an gama. Rairayin Gulbin Maradi da rani hili ne na faɗan ƙarshe da ba ka biyan ko dala, in ka dace da hazon hunturu ma hoton da kanshi zai tsufa. Ka yanke kwana biyu, don Roger Corman cikin kwana biyu da dare ɗaya ya ɗauki The Little Shop of Horrors na 1960, kuma mutanen da ba biyansu kake ba rana ta uku kowa zai tuna ana nemanshi a shago. Tanadi jikka biyu ko uku na shinkafa da wake da ruwan sanyi, ka cika batir tun dare saboda kuran.

Jini kuwa bisap ne. Ka dafa shi ya yi kauri sosai, ka dama ɗan sitaci a ciki don ya kama riga, in ya yi ja da yawa ɗiga mishi kofi kaɗan. A Night of the Living Dead na 1968 ruwan cakulan suka zuba tunda fim ɗin baƙi da fari ne. Sai dai ƙuda, ka shirya musu. Kuma kar ka cika zubawa, abin da ba a nuna ba ya fi ban tsoro, ka nuna inuwar adda a bango ka nuna idon mai kallo, sauran zuciyar ɗan kallo za ta ƙarasa.

Sauti kar ka dogara da na wurin ɗauka, iska da kukan babura za su cinye shi. Ka koma ɗaki da dare ka sake ɗaukar murya, in baki bai hau daidai da magana ba ma ya fi, haka muka saba gani a na Sin. Karan dawa busasshe in ka karya shi kusa da makirfo ƙashi ne ya karye, naushi kuma jiƙaƙƙen zane ka maka a buhun gero.

Bindiga dai ina roƙonka ka bar ta. Yanayin da ake ciki ba na yawo da bindigar roba ba ne, ko ta katako ce. Gora, sanda, majajjawa, sarƙar babur sun isa, kuma ko da su ɗin ka je ka gaida mai unguwa ka gaya mishi abin da za ku yi tun kahin wani ya hango ku daga nesa ya buga waya. Haka tsiraicin da ke cike da yawancin waɗancan finafinai, barshi can inda ka ganshi, nan garin kowa ya san gidan su kowa.

Yanzu wurin da kusan kowa ke faɗuwa. Mutum ya ga tsohon fim ya ba shi dariya sai ya ce bari in yi na banza da gangan, 'yan wasa na murmushi suna kallon kyamara, to wannan ba ya ba kowa dariya sai su da suka yi. Waɗancan mutanen da gaske suke, mai rigar dodo ta roba ya yarda shi dodo ne, daɗin ke nan. Dubi Nabwana na unguwar Wakaliga a Kampala, da ƙasa da dala 200 ya yi Who Killed Captain Alex a 2010, jirgin sama mai saukar ungulu na kwamfuta kamar zanen ɗan lakwal, amma 'yan wasanshi sun koyi kunfu na gaske kuma ba mai wasa a cikinsu, shi ya sa duniya ta kalla. Mu ma muna da namu tun da daɗewa, Moustapha Alassane a 1966 ya sa samarin Nijar kayan kaboyi da dawaki a Le Retour d'un aventurier. Don haka ka ce ma aktanka ya ɗaure fuska kamar an ci mishi bashi an hana, duk wanda ya yi dariya a sake ɗauka.

Wajen montaj CapCut ta isa. Ɗan ja launin zuwa rawaya, sa zane-zanen tsohon fim kaɗan, kaɗan fa na ce, wasu na zubawa har ba ka ganin hancin mutum. Zuƙo fuskar bos da sauri lokacin da ya juyo, rubuta sunan fim da manyan haruffa ja. Sannan ka nemo mai baki, irin masu fassarar fim ɗin Indiya, ya bi tallar da kirari da zuga tun daga farko har ƙarshe, shi ma na Kampala akwai mai surutu a kai kuma rabin daɗin nashi ne.

Kahin ka sa a TikTok ko ka watsa a WhatsApp, kai shi fada bayan isha'i a kunna a tele, kai kuma ka koma baya ka zauna kana kallon fuskokinsu. Duk inda ka ga wani ya duƙa kan wayarshi ka riƙe minti nawa ne, gobe da safe ka yanke wurin.