Ga ƙannenmu masu shirin tashi daga Kano: ku da farar fata, za ku fahimci juna kuwa?

Duk wanda biza ta fito masa a unguwarmu tambayarsa ɗaya ce, Yaya wai mutanen nan za mu fahimci juna da su kuwa? Toh gaskiya za ku fahimci juna daidai wadda za ta isa zama da karatu da aiki, amma ciki da bai ɗin nan kar ka sa rai, ko a nan Kano ma ba mu kai can ba. Kwarori sun fi shekara 100 a garin nan, wasunsu suna jin Hausa kamar jakin Kano, amma mu nawa ne muka taɓa shiga gidansu muka ci abinci? Ciniki ne kawai a Kantin Kwari, a gaisa kowa ya kama gabansa.

A nan kai Bahaushe ne ko Bafillace, ɗan Fagge ko ɗan Gwale, amma kana sauka Ingila za a miƙo maka fom a asibiti ko makaranta ka zaɓi akwatin baƙar fata ɗan Afirka, kai da Ibo da ɗan Ghana duk layinku ɗaya. Wannan zai ɗan dame ka da farko.

Babban aikin da ke gabanka shi ne ka iya raba bambancin al'ada da wariya ta gaske, don wallahi da yawa daga abin da sabon zuwa ke kira wulaƙanci ba wulaƙanci ba ne. Maƙwabcinka zai ɗaga maka hannu ya wuce, babu ya gida babu ya gajiya, haka yake yi wa ɗan'uwansa Bature ma. Kai ka taso ana cewa kar ka kalli babba ido cikin ido, ka je ofis kana sunkuyar da kai don ladabi shi kuma malamin yana ganin kamar akwai abin da kake ɓoyewa, to ɗago ka kalle shi. Abokin karatu zai ce ku je cin abinci, a gama kowa ya biya nasa, kar ka ce rowa ce. Idan ba ka musabaha da mata dafa ƙirji ka yi murmushi ka faɗi dalili a taƙaice, janye hannu shiru shi ke ɓata rai. Tambayoyin rashin sani kuwa irin su akwai intanet a ƙasarku, amsa kawai, ka tuna yadda yaran layinmu ke bin ɗan Chana da ihu.

Amma fa wariyar tana nan, kar wani ya ruɗe ka. A watan Afrilun 2020 lokacin korona an fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otel a birnin Guangzhou na Chana wasu har a titi suka kwana, a Maris 2017 an lakaɗa wa ɗaliban Najeriya duka a Greater Noida ta Indiya, kuma masu zaman Saudiyya sun san irin kallon da ake yi wa Takari duk da sahu ɗaya ake bi a masallaci. Idan ta same ka banda faɗa, zuciya za ta ja maka asarar biza. Rubuta rana da lokaci da abin da aka ce, ka aika ƙorafi ta imel don ya zama shaida. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ta haramta wariyar launi a wajen aiki da makaranta da haya.

Wanda ka ga yana da sauƙin kai gayyace shi abincin sallah, a nan ake sabawa, amma ka faɗa masa ƙarfe nawa kuma ka cika lokacin, ka rage attaruhu. Kuka da yaji ka ƙulla a jaka tun daga Kano, kilishi kam bar shi, Ingila da Amurka duk ba sa bari a shigo da nama daga Najeriya, a filin jirgi za a karɓe.