Babi na 7: Ciwon Hanji Bayan Ƙunar Wutar Lantarki

Darasi na 1: Ɓarnar da ido ba ya gani

Ku karanta a hankali, ba sauri muke yi ba. Kalmar da ta yi muku wuya, ku ɗora yatsa a kanta ku sake.

Idan wutar lantarki ta ja mutum, takan shiga ta wuri ɗaya, misali tafin hannu, ta ratsa jiki, ta fita ta wani wurin, sau da yawa ta ƙafa. Tabon waje yana iya zama ɗan ƙarami. Amma a hanyarta tana ƙona ƙananan jijiyoyin jini, jinin ya daskare a ciki. Shi kuwa hanji da jini yake rayuwa. Ɓangaren da jini ya daina kaiwa gare shi ba ya mutuwa nan take, kamar reshen da aka sare ne, ganyensa na nan kore kafin ya bushe. Sai bayan kwanaki, wani lokacin makonni, ya ruɓe ya ɓule, ƙazanta ta zuba a cikin ciki. An fi ganin haka ga wanda manyan wayoyi suka ja, masu ƙarfin bolt 1000 zuwa sama.

Darasi na 2: A duba ciki

Nan ne ake yawan tuntuɓe. Idan na tambayi aji ina za a duba, kowa sai ya nuna hannun da ya ƙone. A'a. A duba ciki. Ku faɗa tare da ni: a duba ciki. Madalla, ku sake.

Safe da yamma, ku tambayi mara lafiya: cikinka yana ciwo? Ya kumbura? Ku taɓa a hankali, ya yi tauri? Yana amai, musamman kore? Tusa da bayan gida sun tsaya? Akwai jini ko baƙi a bayan gida? Akwai zazzaɓi? Ko da ɗaya ce daga waɗannan alamomi ta bayyana, asibiti, a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Ƙunar hannu ta fara warkewa? A duba ciki. An sallame shi daga asibiti? A duba ciki.

Haba jama'a, har yanzu wasu na rubuta "a jira gobe" a littafinsu! Wa ya koya muku haka? Hanjin da ya ɓule ba ya jiran gobe. Kada a ba shi maganin wankin ciki, kada a ba shi abinci ko ruwa, domin wataƙila tiyata za a yi. Kuma ku gaya wa likita cewa wuta ta ja shi da ranar da abin ya faru, ko bai tambaya ba.

Darasi na 3: Tiyata

Za a yi masa ƙarin ruwa, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ɗauki hoton ciki. Likita zai buɗe ciki, ya yanke ɓangaren da ya mutu, ya wanke, ya ɗinke bakunan biyu masu rai. Idan ɗinkin ba zai riƙe ba, sai a fito da bakin hanji ta fatar ciki, bayan gida ya riƙa zuba a jaka. Sau da yawa akan mayar da shi bayan 'yan watanni. Wani lokacin akan sake buɗe cikin awa 24 zuwa 48 bayan tiyatar farko don a ga ko ruɓewar ta ci gaba. Wannan ba kuskuren likita ba ne.

Darasi na 4: Bayan tiyata

Ba a ci sai likita ya ce. A kiyaye ranar komawa asibiti.

Aikin gida

Rubuta alamomin darasi na 2. Kawo littafinka.