Kurakuran da Tawagar Ɗalibai Ta Fi Yi a Ziyarar Dazuzzuka da Kufan Biranen Maya

Ƙasar da mutanen Maya suka gina biranensu ta haɗa kudu maso gabashin Meziko da Guwatamala da Beliz da yammacin Honduras, kuma mafi yawan manyan kufanta suna cikin daji mai duhu, inda zafi da laima suke gajiyar da baƙo tun kafin hantsi. Jami'o'i da makarantu kan tura ɗalibansu can domin su ga dajin da kufan a tafiya guda, amma tawaga da yawa kan dawo da ɗaruruwan hotuna ba tare da wani ilimin a zo a gani ba. Yawanci ba rashin kuɗi ne yake jawo haka ba, gaggawa ce, kuma tana somawa ne tun a teburin da aka zauna ana tsara tafiyar.

Kuskuren farko shi ne cusa wurare da yawa cikin kwanaki kaɗan. Mai tsara tafiya kan dubi taswira ya ga Chichen Itza da Palenque da Tikal da Copan kamar maƙwabta ne, sai ya rubuta su duka cikin kwana goma, ya manta cewa akwai iyakokin ƙasashe a tsakani, kuma hanyar daji ba ta san alƙawarin agogo ba. Kufan Calakmul, alal misali, suna da nisan kimanin kilomita 60 daga babban titi, a kan wata siririyar hanya da ta ratsa gandun daji, wadda direba ba ya iya gudu a kanta. Tikal kuma yana da nisan kusan kilomita 65 daga garin Flores na arewacin Guwatamala, sannan bayan an isa, sauran tafiyar duk a ƙafa ce. Gyaran shi ne a zaɓi manyan wurare biyu ko uku, a ba kowanne kwana biyu, a kuma kwana kusa da shi. Tawagar da ta kwana a garin Valladolid da ke kusa za ta iya tsayawa a ƙofar Chichen Itza da ƙarfe 8 na safe lokacin da ake buɗewa, ta yi sa'a biyu cikin natsuwa kafin manyan motocin 'yan yawon buɗe ido daga Cancun su sauke jama'arsu. A kuma lura cewa agogon jihar Quintana Roo, inda Cancun da Tulum suke, yana gaban na jihar Yucatan da awa ɗaya, abin da yake sa mutane su makara ga mota ko jirgi ba tare da sun san dalili ba.

Zaɓen lokaci ma ana yin sakaci da shi, domin makaranta kan duba hutunta ne kawai. Damina a yankin tana kamawa daga wajen Mayu ko Yuni har zuwa Oktoba ko Nuwamba, lokacin guguwar teku kuma daga Yuni ne zuwa ƙarshen Nuwamba, yayin da Afrilu da Mayu suka fi kowane lokaci zafi. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne jiki ya fi samun sauƙi. Idan dole ce ta sa aka je da damina, a fita da sassafe, domin ruwan ya fi sauka da yamma, a kuma bar rana ɗaya babu komai a cikinta saboda ranar da hanya za ta yanke.

Ga tawagar da za ta tashi daga Najeriya ko Nijar, akwai takardu biyu da ake mantawa har sai an je filin jirgi. Mai ratsawa ta Amurka yana bukatar bizar Amurka ko da canjin jirgi kawai zai yi, saboda haka a nemi bizar da wuri ko a zaɓi hanyar da ba ta bi ta can ba. Sannan kowane ɗalibi ya riƙe katinsa na rigakafin zazzaɓin shawara, domin wasu ƙasashen yankin suna neman sa daga wanda ya fito daga ƙasar da cutar take.

Kuskuren da ya fi duk waɗannan nauyi, a ganina, yana cikin kai ne, wato a je da tunanin cewa mutanen Maya al'umma ce da ta ɓace bat daga doron ƙasa. Gaskiya ne cewa tsakanin ƙarni na 8 da na 9 manyan biranen kudu sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya, sakamakon yaƙe-yaƙe da fari mai tsawo da gajiyar ƙasar noma, kuma allon dutse na ƙarshe mai ɗauke da kwanan wata a Tikal na shekarar 869 ne. Amma sarautu ne suka rushe, mutane kuwa suka watsu suka ci gaba da noman masararsu. Biranen arewa kamar Chichen Itza sun ci gaba da bunƙasa bayan haka, kuma daular Maya ta ƙarshe mai cin gashin kanta, wato Nojpeten, ba ta faɗa hannun Sifaniyawa ba sai 1697. A kan tsibirinta ne garin Flores yake zaune a yau, wato inda ɗalibai suke kwana suna shan iska a bakin tafki ba tare da kowa ya gaya musu a kan me suke tsaye ba. A yau miliyoyin mutane suna magana da harsunan Maya kusan 30, irin su K'iche' da Q'eqchi' da Mam da Kaqchikel, kuma Rigoberta Menchu, wadda ta karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya a 1992, 'yar K'iche' ce. Ɗalibin da ya tambayi ɗan jagora ina mutanen Maya suka tafi, sau da yawa yana tambayar ɗan Maya ne, wanda kakarsa ba ta jin Sifaniyanci sosai. Maganin wannan shi ne zama biyu ko uku na karatu kafin a tashi, inda za a haɗa tsohon tarihi da na kusa, har da yaƙin basasar Guwatamala na 1960 zuwa 1996 wanda ƙauyukan Maya ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa.

A irin wannan zaman ne kuma ya kamata a warware ruɗanin da ake yi tsakanin Maya da Aztek da Inka. Aztek a tsakiyar Meziko suke, kuma daularsu ta zo ne ƙarnuka bayan faɗuwar Tikal, Inka kuwa a Peru da tsaunukan Andes suke. Haka nan maganar cewa mutanen Maya sun yi hasashen tashin duniya a ranar 21 ga Disamba 2012 ba ta da tushe, domin ranar ƙarshen wani dogon zagaye ce a kalandarsu, kamar yadda ƙarni yake cika wani ya soma. Abin da ya fi amfani shi ne a koya wa ɗalibai lissafinsu, wanda a cikinsa ɗigo yana nufin ɗaya, sanda tana nufin biyar, akwai alamar sifiri, kuma ana ƙirga ashirin-ashirin. Wannan darasin rabin awa ne, amma wanda ya koye shi zai tsaya gaban allon dutse ya karanta lambobin da ke jiki da kansa, maimakon ya ɗauki hoto ya wuce. Ya kamata kuma su san dalilin da ya sa duwatsun suke da daraja haka: a 1562 limamin Kirista Diego de Landa ya ƙone littattafan Maya a garin Mani, kuma guda huɗu kawai aka sani sun tsira daga wancan zamani.

Daga nan sai kuskuren ɗaukar daji a matsayin hanyar da ake bi a kai ga dala. A Tikal, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 1979 saboda kufansa da kuma dajinsa gaba ɗaya, za ka ga tawaga tana sauri a kan turba, kowa idonsa a waya, ta tsallake jerin tururuwa masu yankan ganye da ke ɗauke da korayen gutsattsari a kansu kamar 'yan talla, ta wuce tuddai lulluɓe da itatuwa ba tare da sanin cewa kowane tudu gini ne da ba a tone ba tukuna. Binciken da aka yi da na'urar laser daga jirgin sama, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2018, ya gano gine-gine fiye da 60,000 a ƙarƙashin dajin arewacin Guwatamala, har da hanyoyi da ganuwa da gonaki. Kusa da mashigar Tikal akwai wani katafaren itace da ake kira seiba, wanda mutanen Maya suke ɗauka a matsayin ginshiƙin da ya haɗa sama da ƙasa da lahira. Bahaushe da ya ɗaga kai ya dubi gindinsa mai fuka-fukai zai gane shi nan take, domin rimi ne, irin wanda muka sani. Akwai kuma itacen sapodila, wanda daga katakonsa aka sassaƙa ginshiƙan saman ƙofofin haikalai da suka haura shekara dubu, daga ƙaronsa kuma aka daɗe ana yin cingam. Tikal ba shi da kogi, da ruwan sama ya dogara, wanda ake tarawa a manyan tafkunan da aka haƙa, kuma ɗalibin da ya tsaya a bakin ɗaya daga cikinsu zai fahimci abin da fari ya yi wa birnin fiye da yadda lacca za ta fahimtar da shi. Gyaran a nan shi ne a raba tawaga zuwa ƙananan rukuni, a ɗauki ɗan jagora mai lasisi wanda ya san tsuntsu kamar yadda ya san dutse, a kuma sa dokar yin shiru na wani ɗan lokaci.

Masu hawa Haikali na 4 na Tikal da asuba, wanda tsayinsa ya haura mita 60 kuma ake hawansa ta matakalar katako, sukan yi fushi idan hazo ya rufe fitowar rana, alhali haka yake faruwa a yawancin safiya. Gara a gaya musu tun da dare cewa sauraro za a je yi. Cikin duhu birai masu ruri suke fara gurnani daga nesa, da murya mai kaurin da baƙo zai rantse damisa ce, wasu su amsa daga wani gefen, sannan tsuntsaye su shigo, kafin kawunan sauran haikalai su fara leƙowa ta cikin hazon.

Game da lafiyar jiki, kurakuran ƙanana ne amma su ne suke kwantar da mutum. Silifas da sabon takalmin da ba a taɓa sawa ba duk ba su dace ba, rufaffen takalmi da dogon wando ake bukata saboda kaska da sauro mai yaɗa zazzaɓin dengi. Wanda ya saba da busasshen zafin Sakkwato ko Damagaram kan raina wannan zafin, ya manta cewa a cikin laima gumi ba ya bushewa, saboda haka a sha ruwa kafin ƙishi ya zo, a riƙe garin gishiri da sukari, a kuma guji ruwan famfo. Kada a dafa itacen da ba a sani ba, domin akwai wanda ake kira chechem, mai ƙaron da yake ƙona fata ya tashi bororo. Kada kuma a ratse daga turba ko a cusa hannu cikin rami, saboda wani maciji mai mugun dafi da mutanen wurin suke kira barba amarilla. Ba wa dabbobi abinci ma laifi ne, musamman kowati mai dogon hanci da ke kewaya baƙi, domin yana cizo.

Sai batun hannu da ba ya zama wuri ɗaya. An daɗe da hana hawa dalar Kukulkan ta Chichen Itza, mai matakala 91 a kowane ɗaya daga ɓangarorinta huɗu, waɗanda idan aka haɗa da dandamalin sama suke zama 365, kuma wanda ya tsallake igiya yana iya fuskantar tara, bayan ihun da jama'a za su yi masa. Tsingaron tukunya da ɗalibi ya tsinta a kan turba ya sa a aljihu kayan tarihi ne a idon doka, kuma fitar da shi daga ƙasar laifi ne, ban da cewa da zarar an ɗauke shi daga inda yake ya daina gaya wa mai bincike komai. A kogon Actun Tunichil Muknal na Beliz, inda ake shiga ta cikin ruwa kuma ake cire takalmi a taka da safa a ɗakin da ƙasusuwan mutane suke, an haramta kyamara tun 2012, bayan da wani baƙo ya saki tasa ta faɗa kan ƙoƙon kan da ya haura shekara dubu ta huda shi. Haka kuma senote, wato ramukan ruwa da suke buɗewa a cikin dutsen farar ƙasa na Yucatan, ba wurin wanka ne kawai ba. Arewacin yankin kusan ba shi da kogi a sarari, ruwansa duk a ƙarƙashin ƙasa yake gudana, don haka man kare fata da maganin sauro da mutum ya shiga da su suna tafiya ne cikin ruwan da ƙauyuka suke sha. A wanke jiki kafin a shiga, wanda bai iya iyo ba kuma ya sa rigar ceto ko da abokansa za su yi masa dariya, domin wasu ramukan suna da zurfin gaske.

A ƙauyuka da kasuwanni, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, musamman yara da mata. A cocin San Juan Chamula da ke Chiapas an hana ɗaukar hoto ƙwata-ƙwata, kuma mutanen garin ba sa wasa da dokar. A kasuwar Chichicastenango, wadda take ci ranakun Alhamis da Lahadi, ciniki al'ada ce, amma rigar da mace ta yi watanni tana saƙawa da hannu ba abin da za a taya da wulaƙanci ba ne.

Ɗalibai Musulmi kuma sukan ɗauka cewa wake da masara ba su da matsala, alhali a gidajen abinci da yawa da kitsen alade ake soya waken, da shi kuma ake kwaɓa ƙullun tamal, wato abincin masara da ake naɗewa a ganye a turara, sannan cochinita pibil, shahararren abincin Yucatan, naman alade ne zalla. Ita wainar masara ta yau da kullum, wato tortiya, yawanci masara ce da aka dafa da ruwan farar ƙasa aka niƙa aka gasa a kan tanda ba tare da mai ba. Shugaban tawaga ya sanar da masauki tun kafin a iso, kowane ɗalibi kuma ya rubuta kalmomin nan a takarda ya riƙe a aljihu: "sin cerdo, sin manteca", wato ban da naman alade, ban da kitsensa.